Kwas ɗin koyon nutso da tukunyar iska a Dahab: sharhin aji da kwami

Kwas ɗin matakin farko ne na tsarin PADI, ƙungiyar da ke horar da masu nutso tana ba su shaida, a wata cibiyar nutso da ke Dahab, gaɓar Bahar Maliya a Masar. Babi biyar na karatu, darasi biyar a kwamin ninƙaya, sai nutso huɗu a teku. Wanda ya ci zai karɓi katin da zai ba shi damar sauka har mita 18 tare da abokin nutso. A ganina ajin ya biya kuɗinsa. Kwamin ne aka yi wa hanzari, alhali nan naman yake.

Kafin a taɓa ruwa akwai fom ɗin lafiya. Mai asma, ciwon zuciya ko sikila ya fara ganin likita, kada ya ɓoye don kuɗinsa sun riga sun fita. Sannan gwajin iyo: mita 200 ba tsayawa, da minti 10 kana shawagi a saman ruwa.

Duk karatun ajin a kan abu ɗaya yake juyawa, wato matsin ruwa. A zurfin mita 10 matsin ya ninka na doron ƙasa sau biyu, iska ta takure zuwa rabi. Ka cika huhu daga tukunya a wannan zurfin, ka riƙe numfashi ka taso, iskar za ta kumbura ninki biyu, huhu kuwa ba balan-balan ba ne. Shi ya sa dokar farko ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi. Sauran lambobin haddacewa ake yi: tasowa kada ta wuce mita 18 a minti ɗaya, a tsaya minti 3 a mita 5, kuma ba hawa jirgin sama sai bayan aƙalla awa 18 idan an yi nutso fiye da ɗaya. Wannan na ƙarshen a duba shi tun kafin a yanki tikitin komawa.

A kwami ana farawa da haɗa kaya. Tukunya cikakkiya bar 200 take nunawa (bar ma'aunin matsin iska ne), a kan 50 kuma ana so ka riga ka fito. Idan ka buɗe ta ka ji tana tsaki, galibi zoben robar bakinta ne ya tsage ko ya faɗi.

Darasin da ke kayar da mutane shi ne fitar da ruwa daga gilashin fuska. Ka danne samansa da yatsu, ka ɗan ɗaga kai, ka hura ta hanci, iska ta kori ruwan ta ƙasa. Sabon shiga sai ya shaƙa ta hanci, ya ƙware, ya zabura sama. Maganinsa a fara a inda ruwa ke ƙirji, gilashin a cire, ana numfashi ta ragileta, wato na'urar da ke kawo iskar tukunya zuwa baki, har jiki ya saba. Mai gashin baki ya rage na ƙasan hanci, in ba haka ba yoyo ba zai bar shi ba. Ƙara ɗaure igiyar gilashin ba ya hanawa, sai ma ya ƙara.

Kunne kuma tun daga mitar farko ake daidaita shi: toshe hanci, hura a hankali, kafin zafi ya zo. In ya ƙi, ka ɗan hau sama ka sake. Mai mura ya haƙura da ranar.

Inda cibiyar ta gaza shi ne daidaita jiki a tsakiyar ruwa. Ɗalibai shida, malami ɗaya, kowa a durƙushe a gindin kwami an jibga masa dalma, nauyin da ake ɗaurawa don a iya nutsewa, fiye da kima don kada ya motsa. Hakan na sauƙaƙa wa malami aiki, amma ɗalibi zai shiga teku yana cika rigar iska, wadda ake hura wa iska don ta ɗaga mutum, yana sacewa, yana shure murjani da ƙafa. Gwajin dalma bai fi minti biyu ba: ka sace rigar gaba ɗaya, da numfashi madaidaici a ƙirji, ruwa ya tsaya maka daidai ido, in ka fitar da numfashin ka nutse sannu a hankali. A teku sai an sake shi, domin ruwan gishiri ya fi ɗaga mutum, na Bahar Maliya kuwa gishirinsa ya fi na yawancin tekuna.

Kafin ka biya, tambayi awa nawa ake yi a kwami da kuma mutum nawa ne a hannun malami. In sun haura huɗu, ko aka ce za a haɗe darussa biyar a safiya ɗaya, leƙa cibiya ta gaba, a Dahab jere suke a bakin ruwa.