Gilashin makro na waya da na gwada a Suda

Masu tambayata ko ɗan gilashin nan da ake maƙalawa a kyamarar waya don ɗaukar hoton ƙananan abubuwa kusa-kusa yana aiki, to yana yi wallahi, amma sai mai haƙuri. A wani shagon kayan waya na saye shi a titin Falasɗinu a Jidda, bai kai riyal 50 ba, ko sunan kamfani babu a jikin kwalin.

Wani ɗan tsiro da Larabawa ke ce wa sarkhas na gwada shi a kai, irin wanda ke fitowa a tsagin duwatsu can saman Suda kusa da garin Abha a Saudiyya, inda tsayin dutsen ya kai kusan mita 3,000. Asplenium ceterach masana ke ce masa. Ba ya fure ba ya 'ya'ya, wani ganyen ma bai fi yatsa ba, kuma in ya sha fari sai ya nannaɗe ya koma ruwan ƙasa ka rantse busasshiyar ciyawa ce, shi ya sa mutane ke wuce shi, sai hazo ko ruwan sama ya jiƙa shi sannan ya buɗe.

Bayan ganyen nake so, wajen da yake lulluɓe da wasu ƙananan ɓawo masu launin tsatsa, kuma gaskiya gilashin ya fito da su ɗaya bayan ɗaya har da ɗigon raɓa a kai, abin da ido ba ya gani.

Matsalar fa sai ka kai wayar kamar santimita 2 ko 3 daga ganyen, inuwar wayar ta rufe shi, iska ta ɗan kaɗa komai ya dushe, ga mamaƙalin yana zamewa in ba ka cire rigar wayar ba, wayoyin nan masu ido uku kuma suna canja kyamara da kansu sai kawai ka ga baƙi. Gefen hoton ma ba ya fita tas, tsakiya kaɗai.

Ni dai na jingina gwiwar hannu a dutse, na sa taima, abokina Bahaushen Makka ya riƙe min farar takarda tana mayar da haske, yana ta mita wai birai sun kewaye ledar abincinmu.

Don ganye da gansakuka ya ci kuɗinsa. Ƙwari masu tashi kam a manta. Ku tafi da ƙyallen gogewa don hazon Suda yana jiƙa gilashin nan take, kuma don Allah kar a tumɓuke tsiron, a bar shi a tsaginsa.