Murhun Save80 da akwatinsa: inda ya cika alkawari da inda ya gaza

Sunan murhun nan da kansa alkawari ne. Masu shi sun ce zai rage wa gida kashi 80 cikin 100 na itacen da yake ƙonawa idan aka gwada shi da murhun duwatsu uku. Ƙungiyar atmosfair ta ƙasar Jamus ce ke bayansa. Ya fara yaɗuwa a Najeriya ta hannun ƙungiyar DARE da ke Kaduna, lokacin ana kawo sassansa daga Jamus a harhaɗa a nan, kuma a 2009 aka yi wa shirin rajista a tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya na rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Yanzu akwai masana'antarsa a Kano. Tambayar mai saye dai ba ta wuce ɗaya ba: alkawarin nan yana cika a tsakar gida, inda ake tuƙa tuwo, a dafa wake, a kaɗa miya?

Yana cika, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin yana hannun mai girki fiye da yadda yake jikin ƙarfen.

Da ƙarfen da ba ya tsatsa aka yi shi. Ba shi da nauyi, mace ɗaya za ta ɗauke shi daga rumfa zuwa ɗakin girki idan hadari ya taso. A cikinsa akwai ɗan ƙaramin wurin cin wuta, iska na shigowa ta ƙasa, sannan akwai kafa a gefe inda ake jefa itace bayan an ɗora tukunya. Tukunyar da ake haɗawa da murhun, wadda ke cin lita 8, ba a saman murhun take zama ba, nutsewa take yi a cikinsa har kusan wuya. Sirrin kenan. A murhun duwatsu uku harshen wuta yana lasar gindin tukunya ne kawai, sauran zafin ya bi iska ta kowane gefe, shi ya sa ake ƙiyasta cewa kusan kashi 10 cikin 100 na zafin itacen ne ke isa ga abinci. A nan kuwa zafin ba shi da hanyar fita sai ya bi ta ɗan tsukin da ke tsakanin jikin tukunya da bangon murhu, ya dafa gindi ya dafa gefe. Masu murhun sun ce giram 250 na busasshen itace ya isa ya tafasa ruwa lita 6. Giram 250 rubu'in kilo ne, abin da tafin hannu biyu zai ɗauka. Lissafin ba ƙarya ba ne: zafin da ke cikin wannan itacen ya kai ninki biyu na abin da ruwan ke bukata, wato murhun yana kama kusan rabi.

To amma fa a lura da kalmar "busasshe", a kuma lura da girman itacen.

Murhun nan ba ya cin gungume, ba ya cin faskaren da ake saya a bakin titi yadda yake. Sai an sake faskara shi ya koma kaurin yatsa ko ɗan fiye, tsawon da bai wuce taƙi ɗaya ba. Wannan shi ne aikin da mai tallan murhu ba ya yawan faɗa, kuma shi ne ke sa wasu gidaje su yi mako biyu suna murna, daga nan murhun ya koma bayan ɗaki kaji na kwana a kai. Maganin abin shi ne a ware rana ɗaya a mako, a sa samarin gida su zauna da adda da ƙaramin gatari su farfasa na kwana bakwai, a zuba a buhu a ajiye inda ruwa ba ya taɓawa. Gidan da ke da ƙirare ya huta da wannan wahala. Rassan darbejiya da aka sassabe, sabara, geza, totuwar masara, guntayen katako daga wurin kafinta, duk suna ci da kyau. Karan dawa da na gero ma suna ci, sai dai suna ƙonewa da sauri suna tara toka, mai girki ba za ta matsa ko nan da can ba. Katakon da aka yi wa fenti ko wanda aka haɗa da gam kada a kusanto da shi, hayaƙinsa guba ne. Haka ma leda da roba da wasu suka saba hura wuta da su.

Ɗanyen itace kusan rabinsa ruwa ne. Babban murhu yana iya haɗiye wannan, domin wutar tana da yawa, tana busar da na gaba kafin ya kama. Ƙaramin wurin wuta irin na Save80 ba shi da wannan ƙarfin: ana jefa ɗanye biyu ko uku wutar za ta yi sanyi, hayaƙi ya turnuƙe, tukunya ta yi baƙi ƙirin. Da damina, itacen gobe a shanya shi yau, ko a jera shi kusa da murhun yana shan ɗumi ana girki.

Wajen hurawa, a fitar da tukunyar tukuna. A jera siraran ƙirare biyar ko shida a gicciye yadda iska za ta ratsa, a sa ɗan busasshen haki ko takarda a tsakiya, a kyasta ashana. Sai wutar ta kama sosai sannan a mayar da tukunya, domin idan aka yi gaggawar ɗorawa za ta shaƙe. Daga nan a riƙa jefa guda biyu ko uku ta kafar gefe duk bayan 'yan mintoci. Kuskuren da ya fi yawa shi ne cusawa. Hannun da ya saba da murhun gargajiya yana ganin ƙarin itace shi ne ƙarin wuta, alhali a nan cikawa toshe iska take yi. Idan aka ga hayaƙi mai kauri yana fita ta gefen tukunya, ɗaya daga cikin uku ne: itacen ya jiƙe, ko an cika shi, ko toka ta toshe ƙasa. A zubar da tokar kafin kowane girki. Kada kuma a kashe wutar da ruwa a cikin murhun, ƙarfe mai zafi da ruwan sanyi ba sa shiri, yana iya lanƙwashewa. A bar ta ta cinye, ai ba ta da yawa.

Ga kuma abin da za a yi haƙuri da shi: murhun yana son a zauna kusa da shi. Ba irin wanda za a tura masa gungume uku a tafi wanki ba ne. Aka bar shi minti 10 babu ƙari, sai a dawo a tarar da garwashi kaɗai.

Abin da ke biyan wannan zaman shi ne akwatin da ake haɗawa da murhun, wanda suke kira Wonderbox. Mutane da yawa suna ɗaukarsa kamar kular ajiye abinci ce, su zuba masa kwanuka ko su ba yara su zauna a kai. Asara ce babba, domin wani ɓangare na tattalin yana cikinsa. Akwati ne mara nauyi da aka yi da wani irin soso mai tauri wanda zafi ba ya ratsawa, an yi shi daidai jikin tukunyar. Abinci ba tafasa yake bukata kafin ya nuna ba, zafi yake bukata na tsawon lokaci. Wutar da ake ta ƙonawa bayan tukunya ta tafasa, yawancinta mayar da zafin da ke tsiyayewa ne kawai. Idan aka hana shi tsiyayewa, girkin zai ci gaba babu wuta.

Shinkafa: ta tafasa minti 5 a wuta, a sauke da murfinta a rufe, a sa a akwati, a ba ta minti 35 zuwa 40. A rage ruwa kaɗan daga yadda aka saba, wajen kashi ɗaya cikin huɗu, tunda babu tururin da zai fita. Wadda ta zuba ruwa irin na murhun gargajiya za ta buɗe ta tarar da shinkafa ta caɓe, ta ce akwatin ne bai da kyau. Wake: a jiƙa shi tun dare ko aƙalla awa 4, ya tafasa sosai minti 15 zuwa 20, sannan awa 2 a akwati. Da haka ko kanwa ba a sa ba zai yi laushi. Nama mai tauri, ƙafar saniya ko ganda: minti 25 zuwa 30 a wuta, awa 3 a akwati. Dafa-duka, faten doya, dankali, alala a leda ko gwangwani, duk suna yi. Kuma babu ƙonewa, babu ƙanzo. Masu son ƙanzo sai su yi haƙuri.

Dokokin akwatin uku ne, kuma karya kowacce na ɓata girki. Tukunya ta cika aƙalla kashi biyu cikin uku, domin ɗan abinci kaɗan ba ya riƙe zafi. Kada a buɗe don leƙawa, kowace buɗewa zafi ne ya tafi wanda ba zai dawo ba. Sannan tsakanin sauke tukunya da rufe akwati kada a tsaya komai. Akwai kuma batun lafiya: abincin da zafinsa ya sauka ƙasa da digiri 60 a ma'aunin Celsius ya shiga yanayin da ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa. Idan tukunya ta daɗe a ciki har ta koma ɗumi-ɗumi, ko ta kwana, a mayar da ita wuta ta tafasa kafin a ci, musamman miyar nama, sai dai sake tafasawa ba ya kashe gubar da kan taso a shinkafar da ta kwana ɗumi-ɗumi. Shi kansa akwatin kada ya kusanci wuta ko garwashi, narkewa yake yi. A kuma duba gindin tukunya kafin a sa ta, kada wani ɗan garwashi ya maƙale.

Wanda ba shi da Save80 ma zai iya wannan dabarar. Kwando mai zurfi, a shimfiɗa masa tsofaffin barguna ko buhu cike da ƙaiƙayi ko auduga, kaurin yatsa huɗu ta ƙasa da gefe, a yi matashi a rufe sama. Bai kai na kamfani riƙe zafi ba, amma ya isa ya nunar da shinkafa da wake, ko a kan gas aka fara girkin.

Inda murhun ya fi rauni shi ne tuwo. Lita 8 za ta ciyar da gida matsakaici. Gidan gandu mai mutum ashirin ko talatin, inda ake ɗora tukunyar da yaro zai iya wanka a ciki, Save80 ɗaya ba zai ɗauke su ba, sai dai ya zama na miya da kunu da ruwan zafi, babbar tukunya ta ci gaba da zama a kan duwatsu. Ko a ƙaramin gida, tuƙa tuwo mai tauri yana son murhun da ba ya motsi, shi kuwa wannan rashin nauyin da ya sa yake da daɗin ɗauka shi ne ke sa muciya ta rinjaye shi. A ajiye shi a ƙasa mai daidai, a riƙe hannun tukunya da tsumma, ko a fitar da ita a tuƙa a ƙasa bayan an zuba gari. Sulalawar kuma a bar wa akwati, a nan yana da kyau ƙwarai, tuwon ba ya kamawa. Tanda ta waina ba ta zama a kansa yadda ya kamata, haka ma babban kaskon mai sana'ar ƙosai ko awara. Kuma tunda tattalin ya dogara ne da tsukin da ke tsakanin tukunya da bango, tukunyar kasuwa da ba ta dace da bakinsa ba tana rage masa amfani: ƙarama ta bar zafi ya gudu, babba ta toshe wuta. Saboda haka a tambayi mai sayarwa tun farko ko ana samun tukunya ta biyu, don gidan da ke dafa tuwo da miya kullum tukunya ɗaya ba ta isa.

Hayaƙi ya ragu sosai, duk wadda ta saba girki ido na hawaye za ta ga bambanci a ranar farko. Amma raguwa ce, ba ɓacewa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙa. Murhun itace, komai ingancinsa, bai kai gas tsabta ba. A yi girki a rumfa ko ɗakin da ke da taga a buɗe. Da hunturu kada a shigar da shi ɗakin kwana don jin ɗumi, iskar kabon monoksaid da wutar ke fitarwa ba ta da wari, kuma tana kashewa cikin barci.

Idan aka jera shi da abokan takararsa, ga yadda abin yake. Murhun ƙarfe na maƙera, irin Mai Sauƙi da aka yaɗa a Nijar tun shekarun 1980, ya fi arha nesa ba kusa ba, yana karɓar faskare yadda yake, yana kuma rage itace, amma bai kai wannan ba, kuma tsatsa da wuta suna cinye shi da wuri. Gawayi ya fi daɗin sha'ani a birni, sai dai kowane kilo ɗaya nasa an ƙona kilo 5 zuwa 10 na itace a daji kafin a same shi, don haka wanda ya koma gawayi da niyyar tausaya wa itatuwa bai yi musu komai ba. Gas ya fi duka ga mai halin cika tukunyar gas duk lokacin da ta ƙare, kuma gida mai gas zai fi amfana da akwatin kawai.

Kuɗin Save80 ya fi na murhun maƙera sau da yawa, ko da yake ana sayar da shi ƙasa da abin da aka kashe wajen ƙera shi, saboda tallafin da ke zuwa daga cinikin rage hayaƙi, wato kuɗin da ake biya saboda hayaƙin da murhun ya hana fita. Hanyar sanin ko ya dace da gida ita ce lissafi, kuma kada a yi shi da kashi 80. A yi shi da rabi, tunda wata rana itacen zai jiƙe, wata rana baƙi za su zo a koma duwatsu. A ce gida na sayen itacen naira 1,000 a rana: rabi shi ne naira 15,000 a wata. A raba kuɗin murhun da wannan, a ga wata nawa zai mayar da kansa. Ga mai sayen itace a Kano ko Katsina ko Gusau, lissafin yakan fito da kyau, har ya cancanci a ɗauki kwasar adashe a saya. Ga wanda ke samun kara da ƙirare kyauta daga gona, ribar ba ta kuɗi ba ce, ta lokaci ce da ta ƙirjin masu girki.

Kafin a biya, a sa tukunyar a cikin murhun a gani ta zauna daidai ba ta girgiza, murfinta ya rufe ruf, murfin akwatin ma ya kama babu kafa. A duba lambar da ke jikin murhun ta yi daidai da ta rasit. Sannan a nemi mai sayarwa ya hura shi a gabanka da itacen da ka zo da shi daga gida, ba nasa da ya busar ya ajiye don talla ba.