Vagrant, Multipass ko Docker: wanne ya dace da mai rubuta manhaja a Legas?

Mu huɗu ne muke aiki tare: biyu a Agege, ɗaya a Idi-Araba, ɗaya a Mile 12. Saboda cunkoson hanya, sau ɗaya muke haɗuwa a Yaba a mako. A da, kowa da hannu yake girka tsarin aiki na Ubuntu a cikin VirtualBox, manhajar da ke ɗaukar wata kwamfuta a cikin taka, ya zaɓi harshe, ya raba faifai, ya jira, sannan ya bi manhajojin sabar irin su PostgreSQL da Nginx yana sakawa ɗaya bayan ɗaya. Wuni guda ke tafiya, kuma ƙarshenta manhaja ta yi aiki a wajen wannan, ta ƙi a wajen wancan, kowa na rantsuwa cewa shi bai taɓa komai ba.

Abin da 'yan harkar ke kira VM, ni kwamfutar goyo nake ce mata idan ina koya wa ƙannenmu. Kwamfuta ce cikakkiya da nata tsarin aikin, amma a bayan taka take, daga ƙwaƙwalwar taka da faifanta take cin rabonta. Tambayar ita ce: wane kayan aiki ne zai tayar maka da ita da umarni ɗaya, iri ɗaya sak a kwamfutar kowa? Ma'aunina ba na mutanen Amurka ba ne. Ni abin da nake tambaya shi ne, idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki me zai faru, kuma data nawa zai ci, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025.

Ba zan ɓoye ba, Vagrant nake so. Mitchell Hashimoto ne ya fitar da shi a 2010, kafin shi da Armon Dadgar su kafa kamfanin HashiCorp, mai kula da shi, a 2012. Aikinsa mai sauƙin fahimta ne: shi ke ba VirtualBox ko makamancinta umarni ta tayar da goyon. Kana rubuta fayil ɗaya mai suna Vagrantfile, ka faɗi wane tsarin aiki kake so, ƙwaƙwalwa nawa, wace jaka ce ta kwamfutarka za ta bayyana a ciki, wace ƙofa za a buɗe. Da harshen Ruby ake rubuta shi, amma layi goma zuwa goma sha biyar sun isa, ba sai ka iya Ruby ba. Sai ka ajiye shi a Git, ma'ajiyar da masu aiki tare ke rabawa, tare da sauran aikin. Wanda ya zo daga baya ya buga vagrant up, ya je ya yi sallah ya dawo, ya tarar komai ya tashi. Idan ya lalata ta, vagrant destroy, ya sake tayarwa.

Ga inda ya burge ni a maganar data. Tushen da Vagrant ke gina goyon a kansa, wanda ake kira akwati, sau ɗaya ake sauke shi, ya zauna a kwamfutarka. Ko goyo ashirin za ka tayar, daga nan zai ɗebo. Fiye da haka, mutum ɗaya zai iya sauke fayil ɗin a inda intanet ke da ƙarfi, ya zuba a filashi, sauran su shigar da shi da vagrant box add ba tare da sun taɓa datarsu ba. Haka muke yi ranar haɗuwar Yaba. Idan kuma ka kunna linked_clone a ɓangaren VirtualBox, ba zai kwafi dukan faifan ba kowane lokaci, bambancin kawai zai riƙa rubutawa, wanda ya taimaki masu ƙaramin faifai. Kafin gwaji mai haɗari kuwa, vagrant snapshot save, ka ajiye hoton halin da ake ciki.

Sai dai Vagrant shi kaɗai rabin magani ne, kuma a nan na ƙone. Da farko da doguwar takardar umarnin Bash nake girka komai a ciki. Wani dare, gobe da safe zan nuna wa wani Alhaji dillalin albasa manhajar lissafin motocinsa, aka ɗauke wuta, batirin kwamfutata kuma ya riga ya mutu. Da wuta ta dawo na sake gudanar da takardar. Ta ƙara layi ɗaya sau biyu a fayil ɗin saiti, ta zo ƙirƙirar mai amfani a rumbun bayanai ta tarar yana nan, ta tsaya cak. Na rushe na sake daga farko, data ta ƙare ƙarfe biyun dare. Da kunya na je gaban Alhaji ina ba shi haƙuri.

Tun ranar na koma haɗa Vagrant da Ansible, manhajar girka kaya da saita su. Michael DeHaan ne ya fara shi a 2012, Red Hat ta saye shi a 2015. Bambancinsa da Bash shi ne, ba ka ce masa yi kaza ba, kana ce masa ina so kaza ya kasance. Sai ya duba: idan an riga an yi, ya wuce, idan ba a yi ba, ya yi. Wuta ta ɗauke a mataki na goma sha biyu, ka dawo ka buga vagrant provision, ya tsallake sha ɗayan farko ya ci gaba. Ga mai zama a Agege wannan ba ƙawa ba ce. Mai Windows ya lura: Ansible ba ya gudana kai tsaye daga Windows, don haka a Vagrantfile ka zaɓi ansible_local, sai ya yi aikinsa daga cikin goyon.

Vagrant yana da aibi. A Agustan 2023 HashiCorp ta sauya lasisin kayanta zuwa BSL, kuma a 2025 IBM ta kammala sayen kamfanin. Wannan bai hana ka amfani da shi kyauta a aikinka ba, masu gina abin da zai yi gogayya da kamfanin ya shafa. Sannan Canonical, mai yin Ubuntu, ta daina fitar da akwatinta na Vagrant daga Ubuntu 24.04, sai a koma ga na Bento, wanda mutanen kamfanin Chef ke kula da shi. Jakar da ake rabawa ta VirtualBox ma tana da nauyin jiki idan fayiloli sun yi yawa, hanyoyin rabawa na rsync ko NFS sun fi ta.

Sauran kuwa? Multipass na Canonical yana da sauri da tsafta, yana karɓar fayil ɗin saitin farko na cloud-init, amma gidan Ubuntu ne. Ranar da aka ce ka gwada a kan Rocky Linux ko Windows za ka nemi wani. Docker ba kwamfutar goyo ba ce, zuciyar tsarin aikin uwar, wato kwamfutarka, yake ara, don haka ya dace da gudanar da manhaja, bai dace da gwada saitin sabar gaba ɗaya ba. Terraform da OpenTofu na mai hayar sabar a gajimare ne yana biya da dala. Packer na gina akwatinka da kanka ne, sai ka yi nisa.

Yanzu ga abin da ya fi duk wannan kwatancen muhimmanci, domin kayan aikin duk kyauta ne, a wajen ƙarfen kwamfutar da abin da ake saukewa ake cutar mutane.

Kada ka ba kowa kuɗi don ya saka maka fasasshen VMware Workstation, kishiyar VirtualBox. Tun Nuwamban 2024 Broadcom ta mayar da Workstation Pro kyauta ga kowa, har da mai kasuwanci. Wanda ya ce zai ba ka shi da makulli a filashi, ko bai sani ba, ko kuma akwai abin da ya cusa a ciki. VirtualBox ma daga shafin Oracle za ka ɗauko. Amma ƙarin da ake kira Extension Pack lasisinsa daban ne: kyauta ga amfanin kai da karatu, kamfani kuwa sai ya biya. Yawancin aikin Vagrant ba ya bukatarsa, ka bar shi.

Akwatuna ma haka. Kowa na iya ɗora akwati a rumbun Vagrant ya sa masa suna mai kama da na gaskiya. Akwati cikakken tsarin aiki ne wanda wani ya shirya, za ka zuba masa kalmomin sirrin abokin cinikinka. Ka tsaya ga mai ɗorawar da aka sani, ka ƙulle lambar sigar da box_version, ka kuma sa box_download_checksum idan fayil ɗin ta filashi ko wani adireshi ya zo maka. Kuma ka tuna yawancin akwatuna sunan shiga vagrant ne, kalmar sirri ma vagrant. Idan ka haɗa goyon kai tsaye da wayifai ɗin wurin aiki na haɗaka, duk wanda ke kan layin zai iya gwada ƙofar.

Sai kwamfutar kanta. Na taɓa sayen faifan SSD a wani shago a Ikeja, an rubuta 1TB a jikinsa, Windows ma ta nuna haka. Da goyo na uku ya cika shi zuwa wani wuri, sai fayiloli suka fara lalacewa ba gargaɗi. An yi wa faifan dabara ne ya riƙa faɗin girman da ba shi da shi. Duk mai zuwa Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, sayen tokumbo ko ƙarin faifai, ya tafi da H2testw a filashi, ko f3 ga mai Linux, su cika faifan su karanta su gani. CrystalDiskInfo zai nuna awa nawa faifan ya yi yana aiki, MemTest86 ya gwada ƙwaƙwalwa. Mai shagon da ya ce ba lokacin gwaji, ka ce masa, oga, na gode, ka wuce gaba. Ka shiga BIOS, saitin farko na kwamfutar, a gabansa ka tabbatar akwai VT-x ko AMD-V, fasahar da ke ba ta damar ɗaukar goyo, kuma ba a kulle wurin da kalmar sirrin tsohon kamfanin da ya yi amfani da ita ba. Ƙwaƙwalwar 8GB za ta ɗauki goyo ɗaya da burauza da ƙyar, 16GB ce kwanciyar hankali, don haka ka duba ko akwai gurbin ƙari ko an like ta a jikin allo.

Idan ka kai gida ka ga koren kunkuru a ƙasan tagar VirtualBox, ba a cuce ka ba. Hyper-V, mai tayar da goyo na Windows, ne ya riƙe VT-x, sau da yawa saboda WSL2 ko Docker Desktop, shi ya sa goyon ke rarrafe. Mai MacBook na M1 zuwa sama kuma ya nemi akwatin arm64, na Intel ba zai tashi a kansa ba.