Sharhi: Sauraron wasannin Phish ta manhajar LivePhish

Wanda ya san Phish ta faifan situdiyo kawai, bai san su ba tukuna. Wannan ƙungiyar makaɗan rock ta kafu a 1983 a garin Burlington na jihar Vermont a Amurka, kuma makaɗanta huɗu ne: Trey Anastasio a jita, Mike Gordon a jitar bas, Page McConnell a fiyano, Jon Fishman a ganguna. A kan dandamali gwanintarsu take. Manhajar LivePhish kuwa tana kawo maka wasan kowane dare yadda aka yi shi, an naɗo shi kai tsaye daga na'urar haɗa sauti.

Wasa ɗaya yakan ci kusan awa uku: zango biyu da hutu a tsakani, sannan ƙarin waƙa ɗaya ko biyu a ƙarshe. Jerin waƙoƙin jiya ba shi ne na yau ba. A 2017 sun yi dare 13 a zauren Madison Square Garden na New York, suka kaɗa waƙoƙi 237 ba su maimaita ko ɗaya ba.

Abin da ya sa nake ganin manhajar ta ci kuɗinta yana cikin zango na biyu. Idan baitoci suka ƙare, sai makaɗan su shiga ƙirƙira nan take. Wani lokaci suna zagaye ne a cikin karin waƙar, jita na gaba, sauran suna mara mata baya. Wani lokaci kuma su bar waƙar baki ɗaya, su gina wani kiɗa da bai taɓa wanzuwa ba. Masoyansu wannan salo na biyun suke farauta. Ka kasa kunne ga bas, domin sau da yawa daga can juyin yake farawa: Gordon ya sauka kan wani sauti, fiyano ya amsa, ganguna su sassauta, kafin ka ankara an koma wata duniya. Jin mutum huɗu suna sauraron juna a gaban dubban jama'a, ba su san inda za su sauka ba, shi ne daɗin. A nemi waƙarsu Tweezer ta daren 31 ga Yuli, 2013 a Lake Tahoe da ke Amurka, wadda ta kai minti 36. A cikinta makaɗan suna tsayawa cak, taro ya cike gurbin da ihu, su sake ɗauka.

Ba kowane dare ne ake dacewa ba. Akwai ƙirƙirar da za ta yi ta kewaye minti goma ba ta isa ko'ina ba, akwai kuma wadda ta fara nuna sai a katse ta a faɗa wata waƙa.

Kurakuran masu sauraro uku ne. Kunna waƙoƙi a barkatai yana kashe wasan, saboda waƙa kan zarce cikin wata ba tsayawa, don haka a bi jerin daga farko. Lasifikar waya tana haɗiye bas, a sa abin ji na kunne mai kyau. Sai data: wasa ɗaya a tsarin FLAC, fayil ɗin sauti mai cikakken inganci, yana kusantar gigabayit ɗaya, MP3 kuwa kimanin kashi ɗaya cikin uku na haka, gara a sauke a kan Wi-Fi.

Naɗin na'ura yana fito da kowane kayan kiɗa tas, amma hayaniyar zauren tana raguwa, kuma ba ka ganin fitilun Chris Kuroda, mai sarrafa hasken dandamalinsu, wanda yake bin kiɗan nan take shi ma. Don haka ake sayar da kallon bidiyo kai tsaye na wasu darare. Sai dai wasan ƙarfe takwas na dare a New York ƙarfe ɗaya ne na dare a Najeriya da Nijar a lokacin bazararsu. Sabon mai sauraro ya fara da zango na biyu na dare guda, ya ji shi sau biyu kafin ya biya kuɗin manhajar na wata-wata.