Motsa Jiki ko Tausa: Wanne Ya Fi Magance Ciwon Matsematsi?

Ɗan wasan da ciwon matsematsi ya daɗe yana damunsa, musamman wanda ya samo asali daga tsokokin cikin cinya, yakan sami kansa tsakanin hanyoyi biyu. Ta farko ita ce ya kwanta a yi masa aiki: tausa, miƙar da tsoka, hasken leza da ɗan jan lantarki. Ta biyu kuwa shi da kansa zai yi wahalar, ta atisayen ƙarfafa tsokokin cinya, ciki da ƙugu, tare da koyon daidaita tsayuwa.

Wani likita mai suna Per Hölmich da abokan aikinsa a Denmak sun raba 'yan wasa 68 gida biyu domin gwada hanyoyin, aka buga sakamakon a mujallar likitanci ta Lancet a shekarar 1999. Cikin masu atisaye, 23 sun koma fili ba tare da ciwo ba, alhali 4 kacal suka samu haka cikin waɗanda aka yi wa tausa.

Tausa tana da daɗi, tana kuma rage zogi na ɗan lokaci, amma ba ta ƙara wa tsoka ƙarfin jure juyi da bugun ƙwallo. Atisayen yana cin makonni 8 zuwa 12, kuma a ganina nan ne yawanci haƙuri yake ƙarewa.