Domino mai 'ya'ya 91: abin da na gani bayan wata uku

A Khartum na koyi domino lokacin ina ɗalibi. Can "ɗumna" suke ce masa, kuma da dare duk inda mai shayi ta kafa kujeru sai ka ji ƙarar 'ya'yansa a kan tebur. Da zan dawo gida na taho da ƙaramin akwatin katako mai 'ya'ya 28, irin wanda babban cikinsu shi ne shida-shida. Shekaru ke nan muna bugawa da abokai, ba kuɗi ba caca.

Abin da ya sa na nemi wani shi ne yara sun taso. Mai 28 na mutum huɗu ne, kowa bakwai, ba saura. Mu kuwa ranar Juma'a da yamma mukan kai bakwai idan 'ya'yan Yaya suka zo, kullum sai an bar wasu suna leƙe ta bayan kafaɗa. Sai na yi odar mai sha biyu-sha biyu ta intanet.

A gwangwani ya zo: 'ya'ya 91, da wani faifan roba da ake ajiyewa a tsakiya, da 'yan ƙananan jiragen ƙasa masu launi. Na zauna na ƙirga, cif suke. Suna da nauyi a hannu, suna tsayuwa a gefensu ba tare da sun kife ba, kuma kowace lamba da launin ɗigonta. Sai dai babu ɗan ƙusan tagullan nan da ke tsakiyar tsofaffin nawa, wanda ke sa su juya sumul idan ana cakuɗawa, ya kuma hana fuskarsu gogar tebur. Tun a makon farko na ga zane-zane a kan wasu, don haka yanzu sai na shimfiɗa zane kafin mu fara.

Wasan da aka yi kayan dominsa shi ne Mexican Train. Ana ɗora tagwaye, wato ɗan da lambarsa iri ɗaya ce a ɓangarorinsa biyu, a tsakiya, kowa ya ja nasa layin, akwai kuma layi guda na kowa da kowa. In ka rasa abin sakawa sai ka je kasuwa, kamar yadda 'yan whot ke faɗa. In ba ka dace ba ka ɗora jirginka a kan layinka, alamar ƙofarka a buɗe take, kowa na iya shiga. Yara sun kama shi a zama ɗaya. Cikakkensa zagaye 13 ne, daga sha biyu-sha biyu har zuwa wanda ba ɗigo ko ɗaya, kuma ba mu taɓa kammalawa kafin magariba ba. Zagaye huɗu muke yi mu tashi.

To amma ni abin da nake so a domino shi ne lissafi, kuma a nan babban ya gaza. A mai 28 kowace lamba tana kan 'ya'ya bakwai ne kawai. In biyar ta fito sau huɗu kuma kana riƙe da uku, ka san duk tebur ba mai ita sai kai, kana iya toshe wasan lokacin da ka ga dama. In abokin wasanka ya ƙwanƙwasa tebur a kan uku, ka gane ba shi da ita, ba za ka sake kai shi can ba. Wannan karatun hannun mutane shi ne daɗin abin. A mai 91 kowace lamba tana kan 'ya'ya 13, ga tulin kasuwa a kife, wa zai riƙe wannan a ka? Sa'a ta fi dabara yawa.

Akwai kuma wahalar ido. Ranar da aka ɗauke wuta muka kunna fitila, launukan suka koma kusan iri ɗaya. Ƙaramar 'yata ta ɗaga ɗaya ta ce, "Baba, wannan goma ne ko sha ɗaya?" Sai da na sa yatsa na ƙirga. Akwai masu lambobi a rubuce maimakon ɗigo; mai dattijo a gida ko ƙananan yara, su ya kamata ya nema. Jiragen nan ma ƙanana ne ƙwarai, a ɗauke su daga inda mai rarrafe yake.

Abin da ya fanshi kuɗina daga baya na gano shi. Akwati uku ne a cikin ɗaya. Ka ware duk mai lambar da ta wuce tara, saura 55, irin wanda mutanen Kuba ke bugawa: mutum huɗu, kowa goma, 15 a kife a gefe ba mai taɓawa. Ka ware abin da ya wuce shida, ka dawo 28. Da wannan nake koya wa babban ɗana wasan biyar-biyar, inda ake haɗa bakunan layi, in jimilla ta rabu da biyar ka ci maki: shida a nan, huɗu a can, goma ke nan. Malaminsa bai san dalilin da ya sa lissafinsa ya yi sauri ba, ni na sani.

Mai gida cike da yara ya saya, ba zai yi nadama ba, sai dai ya nemi roba ya ɗaure murfin gwangwanin don ba ya kamawa sosai. Ranar Asabar kuwa, idan abokaina uku suka zo, akwatin Khartum nake saukowa da shi.