Casio ko Sony? Amsa ga mai son ɗaukar dawakin sallah

Salamu alaikum. Ɗan uwa da ka tambaya jiya, ka ce an kawo maka kamara biyu okaziyo, Casio Exilim EX-FC100 da Sony RX100 V, kana son wadda za ta kama maka dawaki ranar hawan sallah a ƙofar fada da kuma ƴan kokowa, ka ce hankalinka ya fi kwanciya da Casio don an rubuta 1000 a jikin kwalinta kuma ta fi arha. To ni na riƙe duka biyun, Casio tawa ce har ta mutu a hannuna, Sony kuma ta yayana ce nakan ara.

Da farko wannan 1000 ɗin kar ya ruɗe ka. Gudu iri biyu ne ake haɗawa a magana ɗaya, akwai hotuna a jere da kamara ke zubawa in ka danne maɓalli, akwai kuma bidiyo mai tafiyar hawainiya. Casio tana zuba hoto 30 a sakan ɗaya, Sony 24, kenan a takarda Casio ta ci. A bidiyo kuwa duka biyun suna kai 1000 a sakan, amma na Casio in ta kai can girmansa ɗigo 224 ne a 64, wato wani ɗan siririn abu kamar tsinken sakace, ka tura ma mutum a WhatsApp ya ce ina dokin yake. Sai ka sauko 210 a sakan kafin ka samu abin kallo. Na Sony yana cika fuskar waya, sakan kaɗan take ɗauka amma ana ganin ƙurar da kofato ya tayar ɗaya bayan ɗaya. Kuma duka biyun babu murya a wannan yanayin, ba kakaki ba algaita, shiru.

Inda suka rabu da gaske shi ne saitin ido. Casio in ka danna, inda ta saita a hoton farko nan take tsayawa har na talatin. To doki ba ya jiranka. Wata sallah na tsaya gefen fada mahaya suka taso a guje za su yi jinjina, na danne, da na koma gida hoto uku na farko tas har ana ƙirga tufar linzami, sauran kuwa doki ya matso ya zama hazo, bangon baya ne ya fito da kyau. Sony tana bin abin yayin da yake tahowa, ɗigon saiti 315 gare ta, kuma takan yi jere har wajen 150 kafin ta tsaya numfashi, Casio kuwa daga 30 ta ƙare, sakan ɗaya kenan, sannan ka tsaya jiran ta rubuta a kati dawaki sun wuce.

Amma fa ban raina Casio ba, a kokowa tana da wata dabara da nake so har gobe. In ka taɓa maɓallin rabi tana ta ɗauka a ɓoye tana zubarwa, da ka danne gaba ɗaya sai ta ajiye har da abin da ya faru kafin yatsanka ya motsa. Ka san kaye, sai an yi minti goma ana lallaɓa juna ana zuba ƙasa a jiki, ƙiftawar ido ɗaya gwiwa ta taɓa ƙasa fili ya kaure. Kuma ƴan kokowa ba tahowa suke wajenka ba, suna wuri ɗaya, matsalar saitin ba ta taso ba. Ga jawo nesa, tata ninki 5 ce, ta Sony ba ta cika 3 ba, in kana can saman benci Sony za ta ba ka mutane kamar ƙudaje. Wannan kam Casio ta ɗauka.

Haske kuma na Sony ne ba gardama, abin da ke karɓar hoto a cikinta ya ninka na Casio wajen sau huɗu. Kama doki a guje yana son kamara ta buɗe ta rufe cikin ɗaya bisa dubu na sakan, da hantsi ranar Damagaram ta wadatar da kowa, amma bayan la'asar in buji ya rufe gari hoton Casio sai ya fito da tsaki-tsaki kamar an watsa masa gero. Sony kuma tana da ɗan madubin leƙawa da ke fitowa sama, da rana tsaka da ba ka ganin komai a gilashin baya sai ka sa ido.

Batiri: na Sony ragon gaske ne, hoto 220 kamfanin ya ce, kuma in kana bidiyo tana zafi, amma ana caja ta da igiyar USB, ko kuran ya ɗauke ka jona da pawa bank. Casio sai an ciro batirin an sa a sharjonta, ka tabbata mai sayarwa ya haɗa maka da shi. Ta fito tun 2009, kamfanin ya daina yin irin waɗannan kamarori a 2018, kati ma ba ta karɓar wanda ya wuce giga 32. Sony 2016 ce, sabuwarta wajen dalar Amurka 1000 aka sayar, shi ya sa ko okaziyo kuɗinsu ba kusa ba.

Tawa ƙura ce ta kashe ta, hancin, wato gilashin gaba mai fita da shiga, ya fito ya ƙi komawa, mai gyara ya buɗe ya ce rairayi ya cinye haƙoran ciki kuma babu kayanta. Sony ma hancinta haka yake fita yana shiga, ba ta tsira ba. Don haka kafin ka ba da ko dala, kunna ka kashe sau goma ka kasa kunne, in ka ji ƙarar-ƙarar ajiye masa abinsa, sannan ka ɗauki farin bango ka duba ko akwai baƙin ɗigo.

In dawaki ne a ranka kuma aljihu ya kai, Sony. In kokowa ce da rana kana nesa, kuma ya bar maka Casio a kuɗin da ko ta mutu bayan sallah biyu ba za ka yi kuka ba, ɗauka. Nawa ma ya ce maka?